Taba A Saman Kantar Yayana

Ina so in ba 'yan'uwana 'yan kasuwa da ma'aikata labarin yayana, domin abin da ya same shi ya sa na sake duban wata mas'ala wadda a dā nake ɗauka ta malamai ce kaɗai.

Yayana ya fi shekara 30 yana da shago a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Ƙiru, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da ta Kano zuwa Zariya. Sa'ad da muke samari, da ƙafa muke zuwa gona, mu wuni da fartanya, mu dawo mu ci tuwon dawa da miyar kuka. Da Allah Ya buɗa masa, sai ya zauna. Daga asuba har isha'i yana bisa benci, ko masallacin Juma'a sai a kan babur, ga shayi mai tulin sukari, ga lemon kwalba duk rana. Kuma a saman kantarsa akwai kwalayen taba, yana sayarwa kara-kara, yana kuma sha.

Na taɓa yi masa magana, ya ce mini, "Kai ƙanena, ai malamai sun yi saɓani." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Sa'ad da taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 16, Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, babban malamin Malikiyya, ya rubuta cewa halal ce, domin ba ta sa maye. Shehu Ibrahim Laƙƙani na Masar, shi ma Bamalike, ya hana ta. A 1633 Sarkin Istanbul Murad na 4 ya haramta ta a daularsa da horo mai tsanani. To, amma mai karatu ya lura: waɗanda suka halatta ta sun yi haka ne alhali ba a san cutarta ba. Sai a shekarun 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka tabbatar da cewa tana haddasa sankarar huhu. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunna ta ba, hayaƙin wasu ne suka shaƙa. Ni ba mufti ba ne, amma na san ƙa'idar shari'a ce a gusar da cuta, kuma ban ga yadda mutum zai fake da fatawar da aka yi kafin a san cutar ba.

Wata Juma'a, bayan an sallame, wasu ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma suka shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci suna auna jinin jama'a kyauta, da izinin liman. Da ƙyar na ja yayana. Da malamin asibitin ya duba abin awon, sai ya sake ɗaura masa, sa'an nan ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da asibiti?" Hawan jini ne mai tsanani, daga baya kuma aka sami ciwon sukari. Ya karɓi magani ya sha na mako biyu, ya ga ba ya jin ciwo, ya ajiye. Hawan jini kuwa haka yake, ba ya sallama. Da damina ta zagayo sai ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Abin da likita ya umarta bayan haka babu na sayen tsada a ciki. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, watau giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da matanmu suke zubawa uku-uku. A koma ga zogale da rama da wake da daddawa. Mai lafiya ya yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, wanda zuwa salloli biyar a masallacin da ke ɗan nesa ya kusa biya masa. Na yi murmushi a raina, domin wannan ita ce rayuwar mahaifinmu, wadda muka gudu daga gare ta muna cewa mun ci gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne kantar nan. Dokar Hana Yaɗuwar Taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, sai kwali mai 20, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Tun 2007 ma Gwamnatin Jihar Kano ta kai kamfanonin taba ƙara saboda kuɗin jinyar masu sha. Amma wane jami'i ne zai tsaya a kowane tebur daga Bebeji zuwa Riruwai? Mai tebur ne kaɗai ya san yaron da uba ya aiko, da wanda ya aiki kansa. Yayana ya san su duka da sunayensu, yaran tasha da masu dakon kaya, wasunsu ba su kai shekarun ɗansa na uku ba.

Da shagon ya dawo hannuna da na babban ɗansa, muka zauna muka buga lissafi. Ribar taba ba ta da yawa, sai dai tana jawo mai sayen ashana da shayi da burodi. Ɗan ya ji tsoro kada masu ciniki su koma maƙwabta, kuma wasu sun koma ɗin. Muka shiga wurin yayana muka gaya masa shawararmu. Harshensa ya yi nauyi, sai ya ɗaga hannun dama ya nuna kantar, ya yi alamar a share. A gurbin kwalayen yanzu gyaɗa ce da dabino, kuma kullum bayan la'asar ɗan yakan riƙe shi su taka zuwa bakin titi su dawo.