Faifan Jamusawa da Hannun Ɗan Konongo

A kasuwar masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho, kaɗan ne ke kamo darajar na makaɗan Jamus ta Yamma na farkon shekarun 1970, waɗanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa kiɗansu Krautrock, sunan da asalinsa ba'a ce. Samari ne da suka ƙi gadon da yaƙi ya bar wa iyayensu, suka kuma ƙi kwaikwayon Amurka, sai suka nemi sabon sauti na kansu.

Ƙungiyar Can ta birnin Kolon ta fitar da faifanta na farko, Monster Movie, a 1969. Kwafi 500 kacal aka buga da fari, don haka wanda ya mallaki ɗaya a yau sai yadda ya ce. Ƙungiyar Faust kuwa a 1971 ta buga nata a kan roba garau kamar gilashi, da hoton ƙasusuwan dunƙulallen hannu. Mai saye yakan ɗaga faifai ga haske yana neman ƙarzuwa, ya karanta lambar da aka zana daf da tsakiya don ya san bugun fari ne ko na baya. Har launin tambari ana dubawa. Na kamfanin Brain, kore ake wawaso.

Mu da ke zangunan Gana muna da rabo a wannan labari. A 1977 wani ɗan Konongo, Rebop Kwaku Baah, makaɗin da ya yi suna a ƙungiyar Traffic ta Ingila, ya shiga Can, aka fitar da Saw Delight da hannunsa a ciki. Masu tara faya-fayai sukan ce daga nan Can ta soma gangara, shi ya sa faifan ke da araha in an kwatanta da na farko. Ba mu yarda da wannan hukunci ba. Kunnen da ya tashi da kiɗan hailaif, idan ya saurari "Sunshine Day and Night", zai ji yadda gangunan Rebop ke zagaya bugun Jaki Liebezeit suna yi masa ado, kamar ɗan amshi da ya san inda zabiya za ta numfasa. Su ƙarancin kwafi suke sa wa kuɗi, mu kuwa abin da ya fito daga bakin allura muke aunawa.

Faifai uku ya yi da Can kafin ta watse. Ya rasu a birnin Stockholm a 1983, bai cika shekara 40 ba.