Harsashin Da Aka Sake Ɗurawa

A shirin da nake gabatarwa na manoma da maharba, tambayar da ta fi dawowa idan rani ya kama ita ce ta kwanson harsashi: a zubar ko a sake ɗura shi? Masu kiran ba 'yan wasa ba ne. Mutane ne da gwaggon biri ke cinye musu masara, ko waɗanda zabo da zomo ne naman miyarsu, ga kuma harsashi kullum ƙara tsada yake.

A Amurka wannan aiki sana'ar sha'awa ce mai kamfanoninta, irin su Lee da RCBS. Hujjarsu mai sauƙi ce: a harsashin babbar bindiga, kwanson tagulla ne ya fi komai tsada, kuma yana jure ɗuri sau da yawa kafin ya tsage. Sai dai kafin ka ga riba ka sayi injin matsawa, ka sayi sikeli mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, ka sayi littafin awo. Mai harbi da yawa, ko mai bindigar da harsashinta ke wuyar samu, yana maida kuɗinsa. Mai harbi jefi-jefi kuwa zai tsufa bai fanshe ba. Su kansu suna yi wa juna ba'a cewa rarar da aka samu a filin harbi take ƙarewa. A 2020 ma 'yar hular da ke tada wuta a gindin harsashi ta yi ƙaranci a kasuwarsu, injuna suka zauna ba aiki.

Mu nan Garwa lissafin daban ne. Harsashin da maharbinmu ya sani shi ne mai lamba 12 na kwanson roba, irin wanda kamfanin MACC na Pointe-Noire ya daɗe yana bazawa a ƙasashen tsakiyar Afirka. Roba ba tagulla ba ce, bakinta yana saurin lalacewa. Mai ɗurawa kuma ba shi da sikeli, da ido yake awo, kamar yadda kakansa ke ɗura bindigar toka. To, nan ne gizo ke saƙa. Albarushin bindigar toka da na harsashin kanti ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma bututun da maƙeri ya ƙera ba wanda ya gwada iyakar abin da zai ɗauka.

Na zauna da wani dattijon maharbi da ya rage da yatsu uku a hannun hagu. Bai yi mini dogon bayani ba, ya dai ce shekara biyu bai riƙe fartanya ba. Na yi ta juya abin a raina: harsashi nawa mutum zai ɗura kafin rarar ta biya damina biyu?

Ga kuma hukuma. Dokar makamai ta Kamaru ta watan Disamba 2016 ba ta bar ƙera harsashi ga wanda ba shi da izini ba, kuma tun da rikicin Boko Haram ya taɓa arewa mai nisa, jandarman da ya ga buhun kwanso a bayan babur ba zancen zabo zai fara yi maka ba.

Don haka idan an kira ni, nakan ce Baba, araha ce da ba na ba da shawararta. Wasu su yi dariya su ce ɗan birni ne ke magana, wanda bai taɓa kwana a gona yana gadin masara ba. Wannan kam gaskiyarsu, kuma birin bai daina zuwa ba.