Sarƙar da Ta Daina Amsawa

Wani ɗalibi ya shekara biyu yana buga Skyrim, wasan da ya fito a 2011, har ya ɗora masa gyare-gyare kusan 200. Sannu a hankali wasan ya soma nawa: ya ja sarƙar buɗe ƙofa, sai an jima ƙofar ta motsa. Hoto lafiya lau yake. Umarnin Papyrus ne suka yi cunkoso, kowanne yana jiran layinsa.

Ya raba gyare-gyaren gida biyu, yana kashe rabi yana gwadawa a sabon wasa, har ya gano mai laifin. Sai dai cire shi bai warkar da tsohuwar ajiyarsa ba, domin ragowar umarninsa na maƙale a cikinta. Ya daɗe yana kallon wahalar shekara biyu, sannan ya koma farko.