Tauraro da Hurumin Suna

Cikin alamomin da masu rubuta manhaja ke amfani da su, babu wadda nake ɗari-ɗari da ita kamar tauraro. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, idan mutum ya rubuta `from os import *`, ya buɗe ƙofa ke nan ga sunayen da ke cikin kundin `os` su kwararo cikin fayil ɗinsa, ba tare da ya tantance ko ɗaya ba.

Kowane suna a manhaja yana da huruminsa, wato iyakar inda ake saninsa. In Python na neman suna, yakan fara duba cikin aikin da ake gudanarwa, sannan aikin da ya kewaye shi, sannan fayil ɗin baki ɗaya, a ƙarshe sunayen da harshen ya zo da su. Tauraro yana zuba baƙinsa a mataki na uku, saboda haka su ake tararwa kafin 'yan gida. Python yana da `open` na buɗe fayil, kundin `os` ma yana da nasa `open` mai aiki daban. Da zarar baƙon ya shigo sai ya danne na asali, layin da ke aiki jiya ya tsaya cik, mai gyara kuwa ya rasa inda sunan ya fito.

A manhajar intanet lamarin ya fi tsanani. Sabar kan loda fayil sau ɗaya, ta ci gaba da amsa buƙatun jama'a da shi. Duk abin da aka ajiye a hurumin fayil yana nan bayan mai ziyara ya tafi. In bayanan wani aka sa a wurin, mai bi masa na iya ganinsu. Shi ya sa Flask ya tanadi `g`, ma'ajiyar da ke ƙarewa tare da buƙatar da ta haife ta.

Tun 2001 aka rubuta PEP 8, jagoran salon rubutun Python, kuma yana hani da shigo da sunaye ta tauraro. Na san masu aiki da Django kan yi haka wajen haɗa fayilolin saiti, ban kuma ga laifinsu ba, domin sun san abin da ke ciki. A sauran wurare na fi son in rubuta `os.open` a cike. Haruffa uku ne ƙari, amma duk wanda ya gaji aikin zai san asalin sunan da kallo ɗaya.