Kogin Isa a Tsakiyar Hunturu

Mu mutanen Maraɗi da sama muke auna ruwa. In hadari ya zuba, gulbi ya kawo. In damina ta wuce, ya janye har yara su yi wasa bisa yashinsa. Da wannan sani na kai iyalina Yamai ziyarar dangi cikin watan Janairu, kuma shi ne ya kusa cutar da mu.

Wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma daga kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, muka hango kogin a cike maƙil. Ashe sau biyu Isa yake kawowa a shekara. Na farko jan ruwa ne na Agusta da Satumba, wanda rassa irin su Sirba ke zubowa. Irinsa ne ya mamaye Lamorde da Saga a 2020. Na biyun ruwan duwatsun Gine ne. Fadamun ƙasar Mali ke riƙe shi watanni, sai cikin sanyi ya iso, shiru, ba hadari, ba tsawa. Kowa yana tsoron jan ruwa don kamanninsa. Wannan kuwa lumui yake a ido, alhali ƙarƙashinsa ja yake yi.

Da la'asar muka sauka gaɓa. Ɗana mai shekara goma sha biyu ya ga tsaransa suna faɗawa ruwa suna dariya, sai ya naɗe wando ya bi su. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban hana shi ba. Taku huɗu ruwan yana gwiwa, a na biyar ƙasa ta ƙare. Wani Basarke da ke gyaran taru cikin kwale-kwalensa ya miƙa masa gora tun kafin in buɗe baki.

Bai yi mini faɗa ba. "Malam, waɗannan a nan aka haife su, sun san kowane rami," in ji shi. Ya nuna mini inda masu ɗibar yashi suka ƙwaƙule, da wani lungu can gaba inda dorina ke kwana da ɗanta. Ko su Sarkawa kewaye shi suke yi.

Da za mu haye washegari, uwar yaran ta ƙirga mutanen da ke cikin kwale-kwalen, ta dubi yadda bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ta ce mu bi ta gada. Muka bi.