Ƙaurin Albarushi

Duk wanda ya tashi a garin da ke da sarki ya san ƙaurin albarushi tun kafin ya san sunansa. Ranar hawan Sallah, kafin ka hango laimar sarki, sai ka ji 'yan bindiga sun cika gari da amo, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar fada, dawaki na zabura, mu kuwa yara mun toshe kunnuwa amma muna ta ƙara kutsawa gaba. Kawuna na cikin masu wannan aiki. Wata shekara, don a ce tasa ta fi ta kowa ƙara, sai ya ninka ɗurin da ya saba yi, bindigar ta tsage a hannunsa, ta tafi da yatsu biyu. Tun daga ranar Innarmu ta hana mu taɓa ko da bindigar kara.

Na riƙe wannan hani fiye da shekara talatin, har aiki ya kai ni Ingila. A can ne wani dattijon Bature da muke ofis ɗaya ya gayyace ni wurin da suke harbi ranar Asabar. Na ce masa ai na ji an hana riƙe ƙananan bindigogi a ƙasarsu. Ya ce haka ne, sannan ya ba ni labarin da kowane ɗan ƙasar ya sani. Ran 13 ga watan Maris na 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotland, ya kashe yara 16 da malamarsu. A 1997 majalisa ta yi dokokin da suka raba jama'ar Birtaniya da ƙananan bindigogi na zamani, amma aka ƙyale irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Masu sha'awar harbi da yawa sai suka koma ga bindigogin kakanninsu.

Kada mai karatu ya zaci shiga wannan sha'ani abu ne na sha yanzu magani yanzu. Sai da na yi watanni ina ɗan gwaji a ƙungiyar, ba na taɓa bindiga sai da mai kula a bayana. Bayan nan aka shiga neman takardar izini daga 'yan sanda, da mutum biyu da za su shaidi halina, da akwatin ƙarfe da aka kafe a bangon ɗaki, har jami'i ya zo ya duba. Shi kansa albarushin takardarsa daban ce, kuma a akwatin katako ake ajiye shi.

Bindigar da na fara da ita libarba ce mai ɗaki shida, irin wadda kamfanin Remington ya ƙera aka yi yaƙin basasar Amurka da ita tsakanin 1861 da 1865. Tawa dai kwaikwayo ce, ƙirar Italiya, domin ta asali sai masu hannu da shuni.

To, a wajen ɗuri ne na gane abin da ya riƙe waɗannan mutane. Tun daga gida za ka auna albarushin kowane harbi a 'yar kwalbarsa, domin ba a tsiyaya shi kai tsaye daga babban mazubi, kada wani tartsatsi da ya saura a ciki ya kama duka a hannunka. Ka zuba a ɗaki guda, ka ɗora dunƙulen dalma, ka danna shi da sandar da ke ƙarƙashin hancin bindigar har bakin ɗakin ya fere masa wani siririn zobe, alamar ya toshe ke nan. Ka shafe bakin da maiƙo don kada wutar wani ɗaki ta tsallaka maƙwabcinsa. Daga ƙarshe, bayan ka fuskanci allon saiti, ka sa 'yar hular tagulla wadda ita ce ke ba da wuta. Asalin wannan dabara ta tayar da wuta da bugu daga wani limamin coci take a Sikotland, Alexander Forsyth, wanda ya yi mata rajista a 1807. An ce haushin agwagin ruwa ne ya sa shi, don suna ganin walƙiyar dutsen ƙyastu sai su tsere kafin harsashi ya fita.

Duk wannan wahala, a gasa harbi 13 kaɗai ake yi cikin minti 30, daga nisan mita 25, a ƙirga goma mafi kyau. Dattijon nan ya ce mini mai gaggawa ba ya daɗewa a cikinsu, kuma na ga haka da idona.

Ranar da na fara jan kunama, ban ma duba inda harsashin ya faɗa ba. Farin hayaƙi ya rufe gabana, wannan ƙauri na farar wuta da gawayi mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ya shiga hancina, sai ga ni tsaye a ƙofar fada ina ɗan shekara bakwai, riƙe da gefen rigar yayana. Ban taɓa zaton zan tsinci garinmu a wata rumfar kwano da ruwan sama ke duka a ƙasar Turai ba.

A mako na uku na ja kunama, hula ta yi ƙara, bindiga ta yi shiru. Har na fara juyo da ita in duba, sai na ji an damƙe mini kafaɗa. Dattijon ya sa na bar bakinta yana kallon allo muna ƙirga daƙiƙa talatin, domin wani lokaci wutar tana cin albarushin a hankali kafin ta tashi. Ba ta tashi ba. Amma a daƙiƙun nan hannun Kawu kawai nake gani. Shi babu wanda ya tsaya a bayansa, babu ma'auni sai tafin hannu da kirarin maroƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Lokacin ƙuruciyarmu, idan aka ce 'yan bindiga, mutanen sarki ake nufi, masu jajayen riguna da layu. Yau ka buɗe rediyo ka ji kalmar, sai gabanka ya faɗi, domin labarin Zamfara ne ko Katsina, an kone ƙauye ko an kwashi ɗalibai. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya biya kuɗin fansar ƙanensa wai ni harbi nake yi don nishaɗi? Na sha gaya wa kaina cewa wannan aba da ke cin minti biyar kafin a ɗura ta ba ta haɗa komai da abin da ke hannun mutanen daji ba. Hujjar tana gamsar da ni a Ingila. Ban taɓa gwada ta a gida ba.

Wata Asabar da yamma na dawo, na wargaza bindigar a kicin ina wanke ta da ruwan zafi da sabulu, don dattin albarushi yana jawo laima, idan ya kwana sai tsatsa. Sai ga wayar Inna. Bayan gaisuwa ta ce, "Me kake yi nake jin ƙarar ruwa?"

Na ce, "Wanke-wanke nake yi, Inna."

Ta yi dariya, ta ce Turai ta koya mini aikin mata. Sannan ta ce in riƙa sa su a addu'a, don an ce 'yan bindiga sun tare hanyar kasuwa shekaranjiya. Na ce to, Allah ya tsare. Da muka yi sallama na tsane ƙarfen da tsumma, na shafa masa mai, na mai da shi akwati na kulle.