Rumfar leda da ruɓewar kokwamba a Zakirai

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, ƙasa ta yi wa mutane kaɗan tun kafin a haife ni. Gona na jingine da gona, kowane rabon gado kuma sai ya ƙara tsaga ta. Shi ya sa ban ga laifin matasan da suka koma noman kokwamba a rumfar leda ba: fili kaɗan, ruwa kaɗan, kafin wata biyu an fara tsinka, Kasuwar 'Yankaba kuwa ba ta ƙin kaya mai kyau, balle da azumi.

Sai dai ita wannan rumfa a ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro ta domin ta riƙe ɗumi. Da ta zo mana, sai ta riƙe har da laima, a nan kuma asarar take.

A watan Agustan bara ɗan yayata, wanda ya sayar da bijiminsa ya kafa rumfar, ya kira ni rai a ɓace: "Kawu, ƙwari sun gama da ni." Da sassafe na shiga, nan take tabarau na ya yi hazo, raɓa na ɗigowa daga rufin. 'Ya'yan sun ruɓe daga bakin fure, sun yi laushi, wani gashi mai baƙaƙen kawuna kamar na allura ya lulluɓe su. Babu ƙwaro ko ɗaya a lamarin. Funfuna ce da masana ke kira Choanephora, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan burodin da ya daɗe. Tana kama furen da ya yi yaushi, daga nan ta shige cikin ɗan. Waɗanda suka taɓa ƙasa kuwa Pythium ta sa musu farin mayafi kamar auduga.

Sau uku ya fesa maganin ƙwari. Mai shago abin da ke kan kantarsa yake sayarwa, ba ya tambayar cuta. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kokwamba ɗanya ake cin ta, sau da yawa har da ɓawo.

Maganin farko iska ce. A ɗage ledar gefe tun da asuba, a bar raga kawai. A yi ban-ruwa da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye da yamma. A ɗaure shuka a igiya ta hau sama, a rage ganyen ƙasa, a bi furen da ya bushe a cire da hannu. Ruɓaɓɓen ɗa a fita da shi a binne nesa, don wanda aka yar a kwana shi ne irin cutar gobe. Mancozeb da magungunan jan ƙarfe rigakafi ne, ba sa tayar da abin da ya ruɓe, kuma a kan Choanephora tasirinsu kaɗan ne, tunda kullum sabon fure ke buɗewa.

Ko a Almeriya ta ƙasar Sifaniya, inda rumfunan suka haura hekta 30,000 a busasshiyar ƙasa, sai da tagogin iska ake gina su. Ina fata KNARDA da cibiyar binciken noman busasshiyar ƙasa ta Jami'ar Bayero za su kai wannan bayani karkara da Hausa. Shi dai ɗan yayata na ce masa ya huta da kokwamba daga Yuli zuwa Satumba, ya shuka a Oktoba.